Layin duba fasfo a filin jirgi: kurakuran da ke tsawaita jira da yadda za a gyara su

Duk wanda zai fita ƙasar waje daga Gombe ko Bauchi, in dai ba jirgin alhazai ba ne da ke ɗibar maniyyata kai tsaye daga Lawanti ko daga filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, to sai ya bi ta Kano, Abuja ko Legas. A can zai tsaya gaban jami'in shige da fice a duba fasfonsa, ya sake tsayawa gaban wani idan ya sauka a Jidda, Alƙahira ko Landan. Tsawon layin ba a hannun matafiyi yake ba. Idan manyan jirage uku suka sauka kusan lokaci ɗaya, ma'aikata kuma ba su da yawa a kan tebur, dole a jira. Amma abin da ke sa a ce wa mutum "koma gefe", ko jirgi ya tashi ya bar shi, yawanci tun daga gida ya taho da shi.

Mu fara da suna, domin a nan muka fi shan wahala. Mutum ɗaya sai ka ga Muhammad ne a fasfo, Mohammed a tikiti, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Wani ya liƙa sunan garinsu, Kumo ko Misau, a wata takarda, a wata kuma babu. Sau da yawa ejan ne ya yanki tikitin da sunan da aka faɗa masa ta waya. Na'urar filin jirgi kuwa layuka biyun nan na haruffa da ke ƙasan shafin hoto take karantawa, ba ruwanta da cewa Aisha da A'ishatu mace ɗaya ce. Kada ka faɗa wa ejan sunanka da baki, tura masa hoton shafin fasfon. Idan tikiti da biza sun fito, ka zauna ka gwada su da fasfon harafi bayan harafi: suna, lambar fasfo, ranar haihuwa. Gyaran da za a yi cikin sauƙi ana saura sati biyu, idan aka bari sai a teburin awon kaya yana iya zama sayen sabon tikiti. Mai shirin sabunta fasfo kuma ya fara duba NIN ɗinsa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, don sai bayanan sun zo ɗaya ake buga fasfo, gyara a NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne.

Sai wa'adin fasfon. Mutane da yawa suna ɗauka muddin ranar ƙarewa ba ta zo ba, fasfo yana aiki. Saudiyya, Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna son a ce saura aƙalla wata 6. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna son ya wuce ranar da za ka bar su da wata 3. Kamfanin jirgi ma ba zai ɗauke ka ba, domin shi ake ci wa tara idan aka dawo da kai. Fasfon Najeriya iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, kuma ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Guwanzu ko Dubai gara ya nemi babban, don shafuka kan cika tun wa'adi bai yi ba. Fasfon da ya sha ruwa, ko bangonsa ya karye a aljihun baya, na'ura kan ƙi karanta shi. Idan bizarka mai rai tana cikin tsohon fasfo, ka riƙe duka biyun.

Akwai abin da ya shafi iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata, kuma ba a faɗa musu da wuri: lalle. Al'adarmu ce a yi wa mai tafiya Makka ƙunshi, kuma abu ne mai kyau. Sai dai a Jidda da Madina ana ɗora yatsu a kan gilashin na'ura, lalle mai kauri a kan yatsu kuma yana iya rufe zanen da ake nema. Sai a yi ta gwadawa, a goge, a sake ɗorawa, bayanta kuma mutum ɗari na tsaye, wasu da harami a jikinsu tun daga jirgi. Irin wannan ne ya sa JAMB take jan kunnen ɗalibai mata kafin rajista. Ba sai an hana Hajiya kwalliyarta ba. A yi ƙunshin a ƙafa da bayan hannu, a bar cikin yatsun goma fes har sai an wuce. Tsofaffi da manoma da masu aikin hannu kuma matsalarsu bushewar fata ce, musamman lokacin hunturu. Su riƙa shafa mai a hannu kwanaki kafin tafiya, amma kada a zo gaban na'ura da maiƙo naso-naso, shi ma yana ɓata hoton. Mai niƙabi tana da damar ta nemi mace ta duba fuskarta, sai dai ta faɗa tun kafin layi ya zo kanta.

Katin rigakafi kuma, a je a yi allurar da gaske a wurin ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Ta ciwon shawara ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai Hajji ko Umra yana buƙatar ta sanƙarau, ita ma aƙalla kwana 10 kafin isa. Katin da aka saya a bayan fage ba ya kare jiki, idan aka gano shi kuma ya fi rashin kati muni.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutanen Gombe da Bauchi shi ne lissafin lokaci. Mutum ya yanki tikitin Gombe zuwa Abuja na rana, ya yanki na ƙasar waje na daren ranar, a kamfanoni biyu da ba su san juna ba. A watan Disamba da Janairu hazo kan hana jirgi sauka a arewa, wani lokaci a soke tashin gaba ɗaya, kuma kamfanin waje ba zai jira ka ba, ba zai biya ka ba. Mai bin mota ta Ningi zuwa Kano, ko ta Jos zuwa Abuja, shi ma bai san abin da hanya za ta yi ba. Shawarata a nan ba ta da sassauci: ka kwana a garin da za ka tashi. Kuɗin masauki na dare ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon tikiti ba. Ka isa filin jirgi ana saura awa 3, domin yawancin kamfanoni suna rufe awon kaya ana saura kamar awa ɗaya, kuma a Abuja da Legas yawancin jiragen Turai da dare suke tashi kusa da juna, fasinjojinsu duk su haɗu a layi ɗaya. Da ka karɓi katin shiga jirgi ka wuce shige da fice. Sallama da 'yan rakiya a gama ta a waje, abinci da alwala akwai su a ciki.

Masu sauya jirgi a hanya su san inda za a duba su. Wanda ya bi ta Adis Ababa ko Doha da tikiti ɗaya ba ya shiga layin shige da fice, alamar masu wucewa zai bi. Amma mai zuwa Italiya ta Faransa, a Faris za a duba shi, don nan ya fara taka yankin Shengen, kuma tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsarin da ke ɗaukar hoton fuska ya duba yatsu a kan iyaka, abin da ke ƙara wa layi nauyi. Amurka ma a garin farko ake duba mutum, har ya ɗauki akwatinsa ya sake miƙawa. Tazarar awa ɗaya a irin waɗannan wurare kasada ce.

Idan an sauka, a duba allo kafin a shiga layi. A Landan ƙofofin da ke buɗewa da kansu ba na masu fasfon Najeriya ba ne, a Jidda kuma 'yan ƙasashen yankin Gulf layinsu daban. Bin bayan jama'a ido rufe yakan sa a yi rabin awa a layin da ba naka ba. A shiga bayi tun a jirgi kafin ya fara sauka. Fasfo ya kasance a hannu, an cire masa riga, ba a ƙasan jaka ba. Biza, adireshin masauki, tikitin dawowa, takardar makaranta ko ta asibiti, duk a buga su a takarda, domin waya kan mutu kuma layin Najeriya ba lallai ya kama a can ba. A gaban tebur ba a amsa waya, ba a ɗaukar hoto. Tambayoyin ba su da yawa: me ya kawo ka, kwana nawa za ka yi, ina za ka sauka. Amsa gajeriya, gaskiya, wadda ta dace da bizar. Wanda bai ji yaren ba ya ce bai ji ba, kada ya riƙa gyaɗa kai a kan abin da bai fahimta ba. Uwa mai tafiya da yara ita kaɗai ta riƙe takardar amincewar mahaifinsu da takardun haihuwa.

Tsofaffinmu su ne suka fi ba ni tausayi a wannan layi. Baba zai ce "ƙyale ni, zan iya", alhali tsayuwar awa biyu bayan zaman jirgi ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon suga ko ciwon gwiwa. Keken guragu kyauta ne, kuma mai tura shi yakan bi da mutum ta hanya mafi sauƙi, amma sai an nema wurin kamfanin jirgi ana saura aƙalla awa 48. Maganinsa ya kasance a jakar hannu tare da takardar likita, da ɗan dabino. A rubuta sunan masauki da lambar jagoran tawaga a takarda a sa masa a aljihu, domin a gaban jami'i kowa shi kaɗai yake tsayawa.

Idan an miƙo maka fasfonka, kada ka cusa shi a aljihu ka ruga wajen kaya. Buɗe ka tabbatar naka ne, musamman a tawagar alhazai inda ake tattara fasfuna da yawa a hannu ɗaya. Inda ake buga hatimi kuma ka duba kwanan wata da adadin kwanakin da aka ba ka, don wani lokaci ba su kai abin da ke kan biza ba, kuma da su za a yi maka lissafi ranar fita.