Makaho mai son waƙa ta zama sana'arsa a Legas: inda ake yin tuntuɓe

Duk mai halartar Maulidi ko bikin aure a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya taɓa jin makahon da muryarsa ke sa tsigar jiki ta tashi. Amma kaɗan ne cikinsu waƙar ke biya musu kuɗin haya, kuma abin yana damuna, domin yawancin abin da ke tare su abu ne mai gyaruwa.

Kuskuren da ake fara yi shi ne cusa neman tausayi a cikin waƙa. Baiti biyu masu daɗi, na uku sai "a dubi halin da nake ciki". Wanda ya ba ka don tausayi ya bayar ke nan, ba zai koma gida ya nemi waƙarka a Audiomack ko YouTube ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma zurfin ma'anar waƙarsa Imfiraji ne ya sa har yau ake rera ta. A nan Legas ma, Cobhams Asuquo, wanda ya yi makarantar makafi ta Pacelli da ke Surulere, shi ya tsara kiɗan kundin farko na mawaƙiya Asa a 2007, kuma ƙwarewarsa aka saya. Ka yi waƙa kan soyayya, kan baƙunci a Ikko, kan kewar gida, kamar kowane mawaƙi.

Inda aka fi cutuwa kuwa shi ne waya da takarda. Mawaƙi ya miƙa wa ɗan jagora komai: shi ke riƙe da wayar, shi ya buɗe shafin Facebook da lambarsa, shi ya san lambar sirrin banki, shi ke amsa masu gayyata. Ranar da aka ɓata, yaro ya tafi da shafi da mabiya gaba ɗaya. Ba ina cewa 'yan jagora maciya amana ba ne, da yawansu suna ɗawainiyar da sai Allah ne zai biya su. Amma wayar Android tana da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, dukansu suna karanta maka abin da ke kan allo. Ka koya, ka buɗe kowane shafi da layinka da imel ɗinka. Cibiyar koyar da makafi sana'a da ke Oshodi tana koyar da rubutun makafi da kwamfuta.

Haka zancen yarjejeniya. Furodusa ya zaro takarda a sutudiyo, ya ce "ba wani abu ba ne, Malam, dangwala nan kawai", kuma shi ko yaronsa ne ya karanta maka. Kada ka dangwala a ranar. Ka ce a turo maka ta WhatsApp wayarka ta karanta, sannan lauya ko wani wanda ba ya da kaso a cikin harkar ya duba. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, sayar da haƙƙin waƙa sai a rubuce, don haka wannan dangwalen guda yana iya raba ka da waƙarka har abada. A rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi kiɗa, kashi nawa ne na kowa, tun kafin waƙa ta fita. Sannan ka yi rajista da MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu.

Wasu kuma sun dogara da hadda kaɗai. Hadda baiwa ce, sai dai doka tana kare waƙar da aka rubuta ko aka naɗa ne. Da zarar kari ya zo maka, ka naɗe shi a waya ka tura wa kanka. Mai kwamfuta zai iya haɗa waƙarsa da manhajar haɗa sauti ta Reaper, idan ya sa NVDA, mai karanta abin da ke kan allon kwamfuta, da OSARA, mai sa Reaper ta yi aiki da NVDA; waɗannan biyun kyauta ne.

Kada ka shiga sutudiyo ba ka gama bita da 'yan amshi ba, lokacin da ake ɓatawa kai za ka biya.

Ranar wasa, ka isa da wuri duk da cunkoson hanya, ka taka dandamali da sandarka, ka san inda bakinsa yake da inda wayoyi suka bi. A shimfiɗa 'yar darduma a gindin makirfo, ƙafarka za ta gaya maka in ka kauce. Kuɗin liƙi kuwa mutum biyu su tattara, a ƙirga a gabanka da babbar murya kafin kowa ya bar wurin.