Ba ni na shuka ba: yadda nake gane tsiron da tsuntsu ya kawo

Duk damina, da ruwa ya zauna, sai in tarar da baƙin tsirrai a ɗan lambuna na bayan gida a Zariya. Kafin in kai hannu, inda abin ya fito nake fara dubawa. In a gindin katanga ne, ko ƙarƙashin igiyar shanya, ko inda reshen mangwaro ya rufa, to aikin tsuntsu ne: ya sha 'ya'yan itace a wani wuri, ya zo nan ya yi kashi da ƙwallon a ciki. Jemage ma na yin haka da dare.

Sai haƙuri. Ganye biyun farko ba sa faɗar gaskiya, kusan duk kamarsu ɗaya. Ki jira na uku da na huɗu. In wurin a matse yake, ki ciro shi da ƙasarsa ki sa a gwangwani.

Darbejiya ce ta fi yawa a wurina. Ganyenta jere suke a kan sanda ɗaya, bakinsu kamar zarto, sabon toho kuma ja-ja. Gwaiba ganyenta biyu-biyu suna kallon juna, ki murza ɗaya a yatsa ki shinshina, ƙamshin zai gaya miki. Gautan kaji na yin ƙananan furanni farare, 'ya'yansa su nuna baƙi. Don Allah banda ɗanɗanawa, kuma a hana yara, musamman ɗanyun 'ya'yan da ba a san su ba.

Biyu ne ba na yi wa jinkiri. Na farko dangin ɓaure, su ceɗiya da durumi. Ki tsinke ganye, in farin ruwa kamar nono ya fito, kuma a tsagin bango ya tsiro, cire shi yau da saiwarsa. Na taɓa ƙyale wata ceɗiya don kyanta, kafin in ankara ta tsaga min katanga sai da aka kira magini.

Na biyu kauci. Shi ko ƙasa ba ya taɓawa. Ƙwallonsa na da danƙo, tsuntsu ya manna shi a reshen lemo, ya tsiro yana tsotsar bishiyar, furanninsa jajaye kamar tsinken ashana. Fizge ganyen bai isa ba, zai dawo. Ki sare reshen gaba ɗaya, kamar taƙi guda ƙasa da inda ya kumbura.