Kafin ka haɗa jari da wani

Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma yawancin haɗin jarin da na ga ya watse a layinmu, kunya ce ta watsa shi. Ranar farawa kowa ya ji nauyin maganar kuɗi, a ce "haba, ai mu 'yan uwa ne". To, Adolf da Rudolf Dassler ma uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma a 1948 suka raba masana'antar takalminsu a Jamus, aka samu Puma da Adidas.

Fara gwada mutum da ƙaramar harka. Ku haɗa kuɗin dila ɗaya, ku sayar, ku raba. A nan za ka ga ko yana rubuta abin da ya fita, da yadda yake yi in kaya sun kwanta. Tambayi waɗanda suka taɓa binsa bashi, su ne suka san shi. Kuma nemi mai abin da ba ka da shi: in kai gwanin ciniki ne, samo gwanin lissafi.

Sai ku zauna gaban shaidu, a rubuta komai. Wa ya kawo nawa? In jarin daga mutum ɗaya ne, ɗayan kuma aiki zai yi, wannan ƙiradi ne: riba bisa kason da aka yarda, asarar kuɗi kan mai jari, sai fa in mai aikin ya yi sakaci. In kowa ya zuba, asara na bin yawan jarin kowa.

Inda aka fi ɓatawa shi ne aljihun tebur. Yau wannan ya zari kuɗin cefane, gobe wancan ya ba surukinsa turmi biyar bashi, ba wanda ya rubuta. Ku yanka wa kanku albashi. Ku buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, kuɗin POS ma can za su shiga. Bashi kuwa, a sa masa iyakar da ba mai tsallakewa sai da yardar ɗan uwansa.

Wajen rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ka sani in sunan kasuwanci kawai kuka yi, bashin da abokinka ya ciwo wa shagon zai iya bin ka har gida. Tsoron irin wannan ne ya sa Ronald Wayne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya sayar da kasonsa na kashi 10 cikin ɗari kan dala 800 a 1976. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da damar haɗin gwiwa mai taƙaita alhaki, sai ka tuntuɓi lauya.

Ku rubuta hanyar rabuwa tun kuna dariya da juna: wa zai yi wa kaya kuɗi, wa zai riƙe shago, wata nawa za a ba mai biya. Har da mutuwa, domin magada za su zo neman haƙƙinsu, kuma takarda kawai za su iya dubawa.