Birki, yashi da sarƙa: yadda za ka kiyaye kanka a kan babur

A hanyoyinmu na karkara, daga ƙauyukan Gumel da Maigatari har na Dambatta, ba gudu kaɗai ke kayar da mai babur ba. Akuya ce za ta ɓullo, mutum ya damƙe birkin hannu gaba ɗaya, tayar gaba ta zame. Hannu da ƙafa ba su saba da birkin gaggawa ba, kuma ba ranar kasuwa ake koyonsa ba.

Ka sami fili mai tauri, kamar filin ƙwallon firamare bayan an tashi, ka ja layi a ƙasa. Taho da gudun kilomita 20, kana isa layin ka saki totur, ka matsa birkin hannu a hankali tukuna, sai ka ƙara matsi yayin da nauyi ke komawa gaba, kana taka na ƙafa tare. Auna taku nawa ka yi kafin ka tsaya. Maimaita sau goma, sannan ka koma 30, sannan 40. A busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayarwa, don haka masu gudunsa wai yana kifar da mutum suna cutar kansu. Abin da ke kifarwa shi ne fizga. Ka tuna, a gudun kilomita 40 kana cinye mita 11 a kowace daƙiƙa, kuma in ka ninka gudu, nisan tsayawa sau huɗu yake ƙaruwa.

Yashi kuwa dokarsa daban. Rage gudu tun kafin ka shiga, ka sa giya ta biyu, ka riƙe totur daidai, kada ka sake shi farat ɗaya, don in ka saki sai tayar gaba ta nutse. Matsa baya kaɗan a kujera, gwiwoyi su kama tanki, hannu a sake. Kan babur zai yi ta rawa, ƙyale shi. Idonka can inda za ka fita, ba kan taya ba. A cikin yashi ko laka, birkin ƙafa kawai, shi ma a hankali. In ka tsallake ruwa da damina, birki ya jiƙe, sai ka ɗan riƙa taka shi kana tafiya har ya bushe ya dawo kamu.

Buhun gero ko shinkafa in ya zauna can bayan tayar baya, gaba yakan yi sakayau, kwana ta gagara. Jawo shi kusa da bayanka, ka ɗaure tam.

Sai sarƙa, wadda ta fi komai shan wahala a ƙura. Kafa babur a babbar ƙafarsa, ka tura sarƙar sama da ƙasa a tsakiya: wasanta ya kasance milimita 25 zuwa 30, kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi. In ta yi sako-sako tana iya gocewa ta kulle tayar baya kana tsakiyar tafiya, in ta yi tsauri tana cin haƙoran da take hawa da kuma boris. Wajen ja, alamomin da ke ɓangarorin biyu na tayar baya su zo daidai, in ba haka ba taya za ta karkace. Duk kilomita 500 a wanke da kananzir, a bar ta ta bushe, a sa man giya mai lamba 90. Tsohon baƙin mai da aka juye cike yake da garin ƙarfe, bai dace ba. Murfin sarƙar nan da samari ke cirewa don gayu, shi ke tare yashi. In haƙora sun yi tsini sun lanƙwashe, canza sarƙa da haƙoran gaba da na baya tare, sabuwa a kan tsofaffi ba ta daɗewa.

Iskar taya a auna ta da ma'auni wajen mai faci, da safe kafin taya ta yi zafi, ba da bugun ƙafa ba. Ƙananan babura irin su Bajaj Boxer sukan so kamar 25 a gaba a ma'aunin iska na psi, 28 a baya, 32 in akwai goyo ko kaya.

Birkin ƙafa ya yi wasan milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama. In ka ga an ɗaure notin saita birkin har ƙarshen zare, takalmin birki ya cinye, kai wa bakanike ya canza.

Baƙin mai a duba kullum da safe, babur a miƙe. A ƙurar hunturu kada ya wuce kilomita 2,000 ba a juye ba, kuma matatar iska ta soso a wanke ta da kananzir, a matse ba murɗewa, a ɗan shafa mai. Ta takarda ba a wanke ta, sauyawa ake yi.

Hular kwano kuma sai an ɗaure igiyarta a haɓa, yatsa biyu kawai su iya shiga. Wadda aka ɗora kan hula ba ɗauri, ita ke fara tashi kafin kai ya taɓa ƙasa.