Babi na 6: Ɗaukar Hoton Iyali da Waya a Cikin Gida

A da, ranar suna ko ranar Sallah, sai an aiki yaro Terminus, cikin garin Jos, ya kira mai hoto, a yi ta jiransa har kwalliyar yara ta lalace. Yanzu wayar da ke hannunku, Tecno ce ko Itel ko Infinix, ta isa ta yi wannan aiki. Ba sai kun iya karanta duk abin da ke rubuce a kanta ba. Mu bi a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na 1: Nemo kyamara, goge idonta

Ku kunna waya. A fuskarta ku nemi ɗan zane mai kama da akwati da ido a tsakiya. Ku taɓa shi sau ɗaya da yatsa. Taɓawa kawai, ban da dannewa. Idan fuskarku kuka gani, kada ku tsorata, kyamarar gaba ce ta buɗe. Ku nemi alamar kibiyoyi biyu masu zagaye, ku taɓa, za ta juya.

Yanzu ku kifa wayar ku duba bayanta. Ɗan gilashin nan zagayayye shi ne idon kyamara. Wayar Baba tana wuni a aljihu tare da goro, ta Inna tana cikin jaka tare da man shafawa, ga ƙurar hunturun Jos. Ku goge idon da gefen ɗankwali ko riga mai laushi. Ban da yawu, ban da ruwa.

Darasi na 2: Haske

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe.

Haske ya kasance a bayan mai ɗauka, ya faɗa a kan fuskar waɗanda ake ɗauka. Ku sake karantawa da ƙarfi: haske a bayana, haske a fuskarsu.

Me ake nufi da haske? Rana, ko taga, ko ƙofa a buɗe, ko ƙwan lantarki. Duk inda haske yake shigowa, nan za ku ba wa baya.

Wata Hajiya daga Gangare ta kawo mana hoton jikarta ranar suna. Ta zaunar da mai jego a bakin taga, tagar tana bayanta. A hoton, labule ya fito tas har ana ganin furannin jikinsa, amma uwa da jariri sun zama baƙi ƙirin kamar inuwa. Hajiya ta ce wayar ce ba ta da kyau. Wayar lafiyarta ƙalau. Kyamara ta ga haske mai ƙarfi a taga, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, fuskoki suka duhunta. Muka gwada a aji: Hajiya ta tsaya ta ba taga baya, wata ɗaliba ta zauna tana kallon taga. Waya ɗaya, ɗaki ɗaya, fuska ta fito har ana ganin kwallin ido. Gani ya kori ji.

To ku tashi ku gwada yanzu. Ku je bakin ƙofar ɗaki. Ku juya wa ƙofar baya. Ku kira yaro ya tsaya a gabanku yana kallon ƙofar. Kafin ku taɓa komai ku tambayi kanku: ina haske yake? Idan yana bayanku, madalla. Idan kuna hango shi a bayan yaron, ku sauya wuri da shi. Ku koma inda yake, shi ya dawo inda kuke.

A tsakar gida ma haka ne. Amma ku guji tsakar rana, daga wajen ƙarfe 12 zuwa 2, domin rana tana bisa kai, hula tana jefa inuwa a ido, yara suna runtse idanu. Da hantsi ko bayan La'asar ya fi. In ba makawa sai da rana, ku shigar da kowa inuwar bango ko ta bishiyar mangwaro, su fuskanci fili. Kowa a inuwa, kada rabi a rana rabi a inuwa. Ranar da hadari ya rufe, irin na damina a nan Jos, hasken yana da laushi, hoto yana kyau.

Haba jama'a! Makon da ya wuce na faɗi wannan, na zana a allo, muka maimaita tare, amma da aka kawo aikin gida sai ga hotuna a bakin taga, tagar a baya. Wani ma ya jera iyalinsa a ƙofar zaure, rana tana bayansu. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, gaggawa ce. Wanda ya iya duba alƙibla kafin ya tayar da salla, ba zai kasa duba taga kafin ya ɗauki hoto ba. Haske a bayana, haske a fuskarsu.

Darasi na 3: Riƙo da ɗauka

Ku riƙe waya da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da jiki. Ku duba kada yatsa ya rufe idon kyamara. Idan mutane suna da yawa, ku kwantar da wayar a gicciye don kowa ya shiga. Manya su zauna, yara a gabansu a kan tabarma. Ku kawar da bokiti da igiyar shanya daga bayansu.

Ku taɓa fuskar mutum ɗaya a jikin wayar, za ku ga ɗan zobe ko akwati ya fito, fuskar ta washe. Sai ku taɓa babban farin da'irar da ke fuskar wayar, nan ne maɓallin ɗaukar hoto. Ku ɗan dakata kafin ku sauke hannu, in ba haka ba hoto zai yi dishi-dishi. Ku ɗauka sau 3, wani yakan ƙifta ido. Kuma kun duba haske kafin nan?

Darasi na 4: Yadda mai ɗauka zai shiga hoto

Ku nemi alamar ɗan agogo, ku zaɓi 10. Ku jingina wayar da littattafai a kan tebur, ku taɓa farin da'irar, ku tafi wurinku. Bayan daƙiƙa 10 za ta ɗauka da kanta.

Darasi na 5: Ajiya

Ku share hotuna marasa kyau daga wayar. Masu kyau ku kai wa masu wanke hoto. Kada ku tura hoton matan gida ko na 'ya'yan maƙwabta a WhatsApp sai da izininsu.

Aikin gida: hoto 2 na mutum ɗaya, ɗaya taga a bayansa, ɗaya taga a bayanku. Ku zo da wayar da cajinta ranar Asabar.