Yadda za ka hana sirrin shagonka tafiya da yaron shago

Bara yaron shagonmu a Kantin Kwari ya ce zai koma makaranta, muka yi masa fatan alheri, sati bai zagayo ba na gane ashe rabin shagon a kansa yake. Lambar dilan da ke aiko mana shadda daga Legas, wane kwastoma ake ɗaga wa ƙafa zuwa ƙarshen wata, wane direba ne a tasha ba ya ɓatar da kaya, wasu na wayarsa wasu kuma ko a wayar babu su, a ka kawai ya riƙe. Tun daga nan na canza tsari, ga abin da nake yi yanzu.

Fara da buɗe Gmail na shago da sunan shagon, ba naka ba ba na yaro ba, amma lambar da za a turo kod idan an manta fasuwod ta zama layinka kai maigida. Google na ba da 15GB kyauta, sai dai Gmail da Drive (ma'ajiyar fayil ta Google) da Photos duk daga kwano ɗaya suke ci, kuma tun 2024 bakof ɗin WhatsApp na Android ma a ciki ake lissafa shi, don haka cire bidiyo daga bakof ɗin ko ya cika maka wuri da bidiyon biki.

Duk lambar kasuwanci a wannan akawun za a sebin ɗinta, kuma don Allah a daina rubuta "Alhaji 2" da "Alhaji sabo", rubuta "Dila shadda Legas" yadda ko wanda ya zo jiya zai gane.

Littafin bashi kar ka jefar da shi, ni ma har yanzu biro na fi yarda da shi. Amma kullum kafin a rufe shago a ɗauki hoton shafin ranar a tura Drive, minti ɗaya ne. In kana da hali ka buɗe Google Sheets, wato teburin lissafi na Google, ka rubuta suna, kaya, kuɗi, ranar alkawari, shi ke nan. Daɗinsa shi ne yana ajiye tarihin gyara, in wani ya mayar da 85,000 ta koma 58,000 za ka ga yaushe aka taɓa, kuma za ka iya ba yara damar gani kawai ban da gyarawa.

Inda aikin yake shi ne abin da ba a rubutawa, irin su wane atamfa ke zuba in an wanke, wane dila ke cika yadi wane ke ragewa. Wannan ku buɗe gurup na shago a WhatsApp, duk wanda ya gano abu ya yi boyis, amma ya rubuta layi ɗaya a ƙasa kamar "les ɗin da ke zuba", saboda ranar da kake nema, rubutun za ka iya lalubowa da sacin, boyis ɗin minti uku kuwa sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana saurare kwastoma na tsaye.

WhatsApp Business ma yana rage wahala, ka sa lambar akawun ɗin banki da kwatancen shago a amsoshin gaggawa, ka danna / su fito. Lamba ɗaya za a iya haɗa ta da na'urori har 4, kenan yara na amsa kwastoma a layin shago ba a nasu ba.

Ranar da wani zai bar aiki kuma, ku zauna ko awa ɗaya ce da lemo a gaba, ka tambaye shi me ya sani wanda ba a rubuta ba, kana rikodin. In kun gama ka cire wayarsa daga na'urorin da aka haɗa, ka canza fasuwod a ranar, kar ka bari sai gobe don kunya.