Kafin ka shimfiɗa katako a ƙasan sabon gidanka

Toh masu gini, duk wanda ya ƙudura katako zai sa a falo ko ɗakin kwana maimakon tayil dan Allah ya ɗan tsaya, kuɗi ne masu yawa ake zubawa kuma abinda yafi ɓata aikin danshi ne. Katako ko bayan an yanke shi an busar bai daina shan ruwan iska ba, da damina ya kumbura, hunturi na kaɗawa ya tsuke, mu kuwa nan arewa tsakanin Agusta da Janairu kamar ƙasa biyu ce daban. Wannan zaka riƙe a ranka tun daga wajen saye.

Dillali zai fara yi maka da ƙarfi, zai nuno maka jatoba da kumaru da ipe na Brazil, kuma gaskiya ne sunada ƙarfi, a ma'aunin taurin katako da ake kira Janka ipe ya haura 3,500, jatoba ya haura 2,300, iroko namu na Afirka ta Yamma kuwa wajen 1,260 ne kawai. Amma ƙarfi daban, zama lafiya daban. Kumaru an sanshi da tsukewa idan iska ta bushe, sai kaga layi ya buɗe tsakanin alluna har tsinke na shiga. Ni dai idan Kano ne ko Sakkwato ko Maraɗi, nafi son wanda baya yawan motsi, wato tik, ko merbau na Indonesiya, ko dusiye wanda dangin kawon da muka sani ne, ko iroko ɗin, wanda gara ma bata cika damunsa ba. Kalar da ka gani a shago ma ba ita zata zauna ba, jatoba yana ƙara ja da duhu idan yana samun haske, iroko daga ɗorawa-ɗorawa yake komawa ruwan ƙasa, don haka ka nemi ganin wanda ya daɗe a shimfiɗe.

Ka tambayi takardu kuma. Tun 2017 madobiya ke ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, saboda yadda aka sassare ta ana kaiwa Chana, a taron 2022 a Panama kuma aka ƙara ipe da kumaru da su kawo da maɗaci. Wanda ya kasa faɗa maka inda kayansa suka fito, ka wuce gaba.

Iri biyu ne a kasuwa, akwai tsantsar katako, akwai kuma wanda samansa kawai ne katako mai tsada, kaurin milimita 3 zuwa 4, ƙasansa filawud. Tunda gidajenmu daɓen siminti ne na biyun yafi dacewa, baya motsi sosai. Kar a haɗa ka da lamineti, shi hoton katako ne aka manna a sama. Ka auna ɗakin ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanke-yanke, ka ajiye ragowar don gyaran gaba.

Yanzu aikin kansa. Katako shine ƙarshen shiga gida, bayan filasta da silin da fenti, an sa tagogi, mai famfo ya gwada bututunsa babu yoyo, an kuma yi maganin gara. Daɓen sabon gini yana ɗaukar lokaci, ana ƙiyasta kwana ɗaya ga kowace milimita, kaga daɓe mai kaurin milimita 50 kusan wata biyu kenan, saman zai nuna maka ya bushe alhali cikin na nan da ruwa. Ka samu leda ka manne gefunanta huɗu da salatef a ƙasa ta kwana, idan da safe kaga gumi a cikinta ko wajen yayi duhu toh da saura, in akwai na'urar auna danshi ma yafi. Sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2, duk inda rami ko tudu ya wuce milimita 3 a daidaita.

Ka shigo da katakon ɗakin da zai zauna, a buɗe kwalayen a jera ya samu sati ɗaya zuwa biyu ya saba da iskar wajen. Wajen mannawa gam na musamman ake sawa mai ɗan talewa bayan ya bushe, ba farin gam na kujera ba. A riƙa ɗebowa daga kwali daban-daban don kalar ta gauraya, kar bakin allo ya zo daidai da na kusa da shi, a bar aƙalla santimita 15. Sai babban abu, a bar fili milimita 10 zuwa 15 tsakanin katako da bango ta ko'ina, sikatin, wato allon da ake bi da gindin bango, zai rufe shi. Idan da hunturi kuke aikin wlh kar ka yarda kafinta ya matse shi da bango don yayi kyau, damina na zuwa bashida inda zai miƙe sai sama, tsakiyar falo ta taso. Mai yanka ya sa takunkumi, ƙurar iroko tana taɓa ƙirji da fata.

A bashi kwana guda kafin a taka. Kar a shimfiɗa shi a bayi da kicin da wajen alwala. Shara kullum saboda rairayi ke kankare shi, goga kuma da tsumman da aka matse sosai, kar yara su kwara masa bokitin ruwa kamar yadda suka saba da tayil.